Yadda ake gina laburaren LEMON a inda sabis ba shi da tabbas

Ɗan kasuwar da ya loda masara a Dogon Dawa yana son kai ta Kaduna, manyan hanyoyi biyu ne a gabansa: ko ya gangara Birnin Gwari ya kama titin da ke bi ta Udawa da Buruku, ko ya haura Funtuwa ya ɓullo ta Zariya. Wacce ta fi araha? Amsar tana tafiya ne da kuɗin mai, da damina, da halin tsaro na wannan makon. In mota ɗaya ce, direba zai yanke shawara da ka. In kuwa motoci ashirin ne, da rumbuna biyar, da kasuwanni huɗu kowacce da yawan buhunan da take so, to ƙwaƙwalwa ta gaza, sai a koma ga lissafi.

Masana sun daɗe da warware irin wannan matsala. Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya wallafa dabararsa ta gano hanya mafi gajarta a 1959, haka kuma akwai dabarun rarraba kaya a kan hanyoyi da kuɗi mafi ƙaranci. Ba sai ɗalibin yau ya sake rubuta su ba, don an tattara su a laburaren manhaja na kyauta. Ɗaya daga cikinsu shi ne LEMON, wanda ƙungiyar bincike ta Egerváry a Jami'ar Eötvös Loránd da ke Budafest, ƙasar Hangari, ta rubuta da harshen C++. Sigarsa ta 1.0 ta fito a 2008, ta 1.3.1 kuma a 2014. Yana ƙarƙashin inuwar COIN-OR, kuma lasisinsa na Boost ya yarje wa kowa ya ɗauka, ya gyara, ya sa a manhajarsa, ko da ta sayarwa ce.

Sai dai LEMON ba manhajar waya ba ce da za a latsa ta buɗe. Rubutun tushe ne, dole a gina shi. A nan masu koyo ke faɗuwa, kuma masu koyar da aikin suna ganin kurakurai iri ɗaya daga kowane sabon rukuni: a girka abin da ba shi ba ne, a yi gini a inda bai dace ba, a tsallake gwaji, a ƙarshe aiki ya tashi amma babu wanda ya rubuta yadda aka yi. Jagororin da ke intanet sun ɗauka mai gini yana da sabis da wuta dare da rana. Mutumin yankin Birnin Gwari ya san ba haka abin yake ba. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021, gwamnatin Jihar Kaduna ta sa an katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi, har da Birnin Gwari, saboda 'yan bindiga. Don haka ma'aunin wannan jagora ɗaya ne: gini bai kammala ba sai wani mutum daban ya iya maimaita shi daga bayanin da aka rubuta, ba tare da intanet ba.

Kayan aiki

- Kwamfuta mai Ubuntu 22.04 ko 24.04. Ta hannu ma ta isa, in tana da RAM giga 4.
- Kunshin build-essential, wanda ke ɗauke da g++ mai harhaɗa rubutun tushe, da make mai jera aikin.
- CMake, wanda ke duba abin da kwamfuta ke da shi ya tsara ginin.
- Doxygen da Graphviz, don fitar da littafin bayani.
- Filash biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na ajiya.
- Littafin rubutu da biro.
- Batir cike da caji, ko sola mai inbata.

Mataki na 1: A gyara agogo, a tara kaya inda akwai sabis

Wasu kwamfutocin hannu suna zuwa da ƙaramin batirin agogo da ya mutu, sai a kunna a ga kwanan wata ya koma shekarun baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manhajar apt takan ƙi sauke kaya in agogo ya yi baya, make kuma da lokacin fayiloli yake gane wanda aka taɓa da wanda ba a taɓa ba. In ya rubuta Clock skew detected, yana nufin ya daina yarda da agogon, kuma ginin na iya fita a gurguje. A buga date tun farko, a gyara.

Daga nan sai sauke kaya, a Zariya, ko Funtuwa, ko duk inda sabis ya tsaya:

sudo apt-get update
sudo apt-get install build-essential cmake doxygen graphviz

A lura, apt-get aka rubuta, ba apt ba. Na farkon yana barin fayilolin .deb a /var/cache/apt/archives, na biyun kuwa yakan goge su bayan ya gama. A kwafe su a filash, sai wata kwamfutar ta girka su ba da data ba. Sharaɗin shi ne sigar Ubuntu ta zama ɗaya; kayan 24.04 ba za su zauna a 22.04 ba.

Babban tarko na nan: kada a buga apt-get install lemon. Wannan wata manhaja ce daban, ta mutanen SQLite, ba ruwanta da hanyoyi. Wanda aka riga aka gina na LEMON sunansa liblemon-dev. Mai gaggawa zai iya ɗaukar wannan, amma mai son ya zaɓi saitinsa da kansa, ko ya kai aikin wata kwamfutar da ba Ubuntu ba, sai ya gina daga tushe.

Mataki na 2: A sauke tushen, a tabbatar bai gutsure ba

Fayil ɗin da ake nema shi ne lemon-1.3.1.tar.gz. A sauke shi da wget -c, domin harafin c ɗin ne zai sa ya ɗora daga inda sabis ya yanke maimakon ya koma farko ya sake cin data. Cikakken kunshin yana zuwa da littafin bayaninsa a ciki, don haka kada a yi rowar data a ɗauki wanda aka cire wa bayani.

Bayan an kwafa a filash, a buga sha256sum a kan na kwamfuta da na filash ɗin. Kowanne zai fitar da dogon jerin haruffa da lambobi. In sun yi daidai, kwafin lafiya lau yake. In harafi ɗaya ya bambanta, kwafin ya lalace, kuma gara a gane haka a wurin da akwai sabis da a gane bayan an iso gida.

Mataki na 3: A ware ɗakin gini

tar xzf lemon-1.3.1.tar.gz
cd lemon-1.3.1
mkdir build
cd build

Masu koyo da yawa sukan tsallake layi biyun ƙarshe, su kira cmake a tsakiyar rubutun tushe. Wannan kamar mutum ya yi sussuka a cikin rumbu ne: ƙaiƙayi da tsaba su cakuɗe, rabuwa ta yi wuya. Gini yana haifar da ɗaruruwan fayilolin wucin gadi. In duk suna cikin folda ɗaya, da abu ya rikice sai a goge ta a buɗe sabuwa, tushen bai san an yi ba.

Kada kuma a yi ginin a kan filash. Tsarin FAT32 da exFAT da yawancinsu ke zuwa da shi ba ya riƙe izinin fayiloli irin na Linux, ga jinkiri, ga saurin gajiyar da filash ɗin. A kwafo kunshin cikin kwamfuta tukuna.

Mataki na 4: A yi saiti da cmake

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata a buɗe littafi a rubuta umarnin harafi da harafi. Duka layi ɗaya ne:

cmake .. -DCMAKE_BUILD_TYPE=Release -DCMAKE_INSTALL_PREFIX=$HOME/lemon -DCMAKE_CXX_STANDARD=14 -DLEMON_ENABLE_GLPK=NO -DLEMON_ENABLE_COIN=NO -DLEMON_ENABLE_ILOG=NO -DLEMON_ENABLE_SOPLEX=NO

Kowane yanki da dalilinsa. Release yana fitar da laburare mai sauri. Debug na mai farautar kuskure ne, ya fi nauyi da jinkiri. Akwai na uku, Maintainer, wanda sunansa ke burge masu koyo su zaɓe shi, alhali na masu kula da laburaren ne: yana mayar da kowane ɗan gargaɗi kuskure mai tsayar da aiki, kuma g++ na yau yana da gargaɗi da yawa a kan rubutun 2014.

Yanki na biyu yana cewa a ajiye abin da aka gina a cikin gidan mai amfani. In ba a faɗa ba, zai nufi /usr/local, inda sai da sudo, kuma in an taɓa girka liblemon-dev sai sigogi biyu su riƙa karo, mutum bai san wacce yake amfani da ita ba.

Na uku ya shafi shekarun laburaren. An rubuta shi kafin sababbin ƙa'idojin C++, kuma ƙa'idar C++20 ta cire wasu abubuwan da ya dogara da su. Tsayar da shi a 14 yana kawar da rigimar tun kafin ta taso. Irin wannan matsala ce da CMake kansa: sigar 4.0 da ta fito a 2025 ta daina karɓar fayilolin da suka dogara da abin da ke ƙasa da 3.5, na LEMON kuwa tsoho ne. Ubuntu 22.04 tana zuwa da CMake 3.22, ta 24.04 kuma da 3.28, duka biyun suna karɓarsa da ɗan ƙorafi. Wanda ya je ya sauke sabon CMake don ya fi kowa zamani, ya jawo wa kansa aiki.

Sauran huɗun suna kashe alaƙa da manhajojin warware lissafi na waje, irin su GLPK da CPLEX. Neman gajeriyar hanya da rarraba kaya ba sa buƙatarsu. Duk abin da aka ƙara, an ƙara wurin da gini zai iya karyewa. Ranar da bukata ta zo, sai a girka libglpk-dev a kunna.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne CMake ba ya mantuwa. Yana rubuta duk zaɓin da aka yi a CMakeCache.txt, har da cikakken adireshin folda. Shi ya sa in aka kwafe foldar build zuwa wata kwamfutar, ko aka sauya mata wuri, sai ya ƙi aiki. Maganin shi ne a goge build ɗin gaba ɗaya a sake.

Mataki na 5: A gina, a gwada

make -j2 2>&1 | tee gini.log
make check

Lambar da ke bayan j ita ce yawan ayyukan da za su gudana lokaci guda. Rubutun LEMON yana cin RAM sosai wajen harhaɗawa, musamman gwaje-gwajensa. A kwamfuta mai giga 4, wanda ya sa 8 zai ga fanka tana ihu, linzami ya daskare, can sai g++ ya mutu. Biyu ya isa. Sashen tee yana adana duk abin da ya gilma a allo cikin fayil, don in an samu matsala a tura wa wanda ya fi sani fayil ɗin, ba hoton allo mai hazo ba.

In kuskure ya fito, a haura sama a nemi na farko. Na ƙasa yawanci 'ya'yansa ne. In kuma wuta ta ɗauke batir ya mutu ana tsakiyar gini, kada a ɗora daga nan: wani fayil na iya zama rabi, make kuwa zai ga lokacinsa sabo ne ya ɗauka ya cika. A buga make clean a fara daga farko.

Shi make check ba dole ba ne, shi ya sa ake tsallake shi. Amma shi kaɗai ne shaidar cewa dabarun suna ba da amsa daidai a wannan kwamfutar da wannan g++ ɗin. In wani gwaji ya faɗi, a rubuta sunansa a littafi, a duba ko ya shafi abin da za a yi amfani da shi kafin a wuce.

Mataki na 6: A girka, a haɗa da manhajar mutum

make install
g++ -O2 -std=c++14 hanya.cc -I$HOME/lemon/include -L$HOME/lemon/lib -lemon -o hanya

Kuskuren da ya fi kowanne yawa yana cikin wannan layi. Fayil ɗin laburaren sunansa libemon.a, saboda haka -lemon ake rubutawa da l ɗaya, ba -llemon ba. Wanda ya manta da shi gaba ɗaya zai gamu da undefined reference to lemon::INVALID. Haka ma wanda ya sa shi kafin hanya.cc, wato rubutun tushen manhajarsa, domin mai haɗawa daga hagu zuwa dama yake karatu, kuma yana ɗaukar abin da aka riga aka nema ne kawai.

Mataki na 7: A gwada da hanyoyin da aka sani

LEMON yana da nasa tsarin fayil mai sauƙi, LGF, wanda ake iya rubutawa da hannu. Ga hanyoyin da aka ambata a sama. Lambobin na atisaye ne kawai, ba farashin gaske ba:

@nodes
label
DogonDawa
BirninGwari
Funtuwa
Zariya
Kaduna
@edges
label kudi
DogonDawa BirninGwari 0 3
BirninGwari Kaduna 1 5
DogonDawa Funtuwa 2 4
Funtuwa Zariya 3 3
Zariya Kaduna 4 3

An haɗe sunayen garuruwa ne saboda fili a tsakani yana nufin sabon gurbi. Mai son rubuta Dogon Dawa a rabe sai ya sa shi cikin alamar zance. Kafin a ba Dijkstra, a yi lissafin da biro: ta Birnin Gwari 8, ta Funtuwa 10. In manhaja ta ce 8, madalla. Sai a mayar da 5 ɗin ya zama 9, kamar lokacin da titin Kaduna ya yi wuyar bi. Yanzu 12 ne da 10, dole amsa ta juya ta koma Funtuwa. In ba ta juya ba, to ba wannan fayil ɗin take karantawa ba.

Akwai tarko uku a nan. Dijkstra ba ya aiki da lamba ƙasa da sifili, don haka ba a nuna ribar wata hanya da alamar ragi. Mai irin wannan bukata sai ya koma ga BellmanFord. Hanyar da ruwa ya yanke kuwa cire ta ake yi, ba a sa mata sifili, domin sifili yana nufin kyauta ce, kuma kowace mota za a tura ta can. Na uku ya shafi NetworkSimplex, dabarar rarraba kaya: tana son cikakkun lambobi, saboda haka a yi lissafi da buhu da naira ba da gutsure ba. A saitinta na asali kuma tana ɗauka cewa duk abin da ke rumbu sai an fitar da shi. Da kaka, lokacin da masara ta fi abin da kasuwa ke nema, sai ta dawo da INFEASIBLE, mai koyo ya ɗauka ginin ne ya lalace. Ginin lafiyarsa ƙalau. A sauya supplyType zuwa LEQ, ma'ana a biya bukatar kowace kasuwa, rarar ta zauna a rumbu.

Mataki na 8: A rubuta bayani tun abin yana da ɗumi

Bayani iri biyu ne. Na LEMON kansa yana cikin doc/html a kunshin da aka sauke. A buɗe index.html da Firefox ko Chrome, ba ya son intanet. Umarnin make html yana sake fitar da shi, amma sai an ƙara Python, Ghostscript da LaTeX, na ƙarshen nan kuma babban maciyin data ne. Mai niyyar yin haka kada ya kunna LEMON_DOC_USE_MATHJAX sai in ya ajiye MathJax a kwamfutarsa ya nuna masa wurin, in ba haka ba duk alamomin lissafi za su ɓace ranar da sabis ya ɗauke.

Na biyu shi ne bayanin aikin mutum, kuma shi ake wa sakaci. A buɗe fayil mai suna README a sa abubuwa shida: abin da manhajar ke yi, sigar Ubuntu, abin da g++ --version da cmake --version suka nuna, cikakken umarnin cmake kamar yadda aka buga shi, ma'anar kowace lamba a fayil ɗin LGF, da amsar da ya kamata gwaji ya bayar. Na biyar ɗin ya fi muhimmanci. Lamba 5 ba ta faɗin ko awa ce, ko kilomita, ko naira dubu a kan buhu, kuma bayan wata shida mai rubutun ma ba zai tuna ba. A rubuta ranar da aka ɗauki farashin, da ko na rani ne ko na damina.

Babu abin da ya hana a rubuta shi da Hausa, muddin an adana fayil ɗin a tsarin UTF-8 don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai. Doxygen, wanda Dimitri van Heesch ya fara fitarwa a 1997, yana tsamo bayanan da aka rubuta a saman kowane aiki a cikin rubutun tushe ya mayar da su shafuka. A buga doxygen -g, zai haifar da Doxyfile. A ciki a sa GENERATE_LATEX ya zama NO, RECURSIVE ya zama YES. Kanun shafukan za su fito da Turanci tunda babu Hausa a jerin harsunansa, amma abin da mutum ya rubuta zai fito yadda ya rubuta shi.

Gargaɗi na musamman ga wannan yanki: buɗaɗɗen tushe ya shafi manhaja ne, ba sirrin mutane ba. Sunayen direbobi, lambobin wayarsu, ranar da mota za ta tashi da abin da ta ɗauko, duk ba sa shiga fayil ɗin da za a ɗora a GitHub. Git yana riƙe tarihin komai, ko an goge abu daga baya yana nan a tsohon shafi. Fayil ɗin atisaye ake rabawa, na gaske ya zauna a kwamfutar mai shi, a kuma sa sunansa a .gitignore tun ranar farko.

Mataki na 9: A miƙa wa wani ya gina

A zuba abubuwa huɗu a filash na biyu: fayilolin .deb, kunshin LEMON, rubutun tushen manhajar, da README. A ba wani abokin karatu da bai ga yadda aka yi ba, a kashe masa data, mai aikin ya zauna gefe ya kama bakinsa. Duk inda abokin ya tsaya ya yi tambaya, akwai layin da ya ɓace a bayanin. A rubuta tambayar a littafi, a ƙara amsarta a README, ba a faɗa masa da baki ba. Yawanci tambayar farko takan zo ne a wajen girka fayilolin .deb, inda ake samun wani kunshi da kwamfutar farko ta riga tana da shi, don haka bai shiga filash ba. A rubuta sunansa, a sauko da shi a zuwa gari na gaba, a goge foldar build, a sake gwajin daga mataki na 1 har allon abokin ya nuna 8, sannan 10.